Ruwan Ɗan Fari

Ni ɗan fari ne, kuma a gidanmu wannan ba ƙaramin laifi ba ne. Tun da na buɗe ido ban taɓa jin mahaifina ya kira sunana ba. In ya ga dama ya ce "wancan", in ransa ya yi fari ya ce "ɗan gidan Baffa", in kuwa na yi ɓarna sai in koma "mutanen nan", sai ka ce mu goma ne. Ba ya cin abinci ina wurin, ba ya shan ruwa a gabana, ba ya karɓar abu daga hannuna. Ana yaye ni aka kai ni gidan ƙanensa, wanda muke kira Baffa, a ƙarshen unguwarmu a Tudun Wada, kuma a can na girma. Duk maganar da ke tsakanina da Baba ta bakin Baffa take bi. Ko muna zaune a tabarma ɗaya, Baba zai dubi Baffa ya ce, "Tambayi ɗanka yaushe za su koma makaranta." Baffa ya juyo ya tambaye ni, in ba da amsa, ya juya ya mayar masa, kamar Baba bai ji ba.

Kunyar ɗan fari kowane gida akwai ta, amma ta Baba ta wuce ta mutane. Mahaifiyarsa Bafulatana ce, 'yar ruga, shi ma kuma ɗan farinta ne, don haka fulakon a nono ya sha shi. Ga shi sunan mahaifinsa aka sa mini, kunya ta hau kan kunya. Ina yaro abin nan ya yi mini ciwo ƙwarai. Sai in je gidanmu in tarar ƙannena suna hawa kafaɗarsa, yana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya, yana raba musu rake. Ina shigowa zai miƙe ya kaɗe rigarsa ya fita. Kowa ya ce mini so ne ya kawo haka. Ni dai a lokacin na fi son raken.

Da na girma na koma Kano ina koyarwa, na yi aure, Allah Ya ba ni 'ya mace ta fari. Don taurin kai nake kiran sunanta safe da yamma har maƙwabta suka haddace shi, in ɗora ta a cinya a gaban kowa. Surukata takan rufe baki da mayafi ta ce 'yan boko ba su da ta ido. Ni kuwa a raina ramuwa nake yi, ko da yake wanda nake ramawa a kansa bai ma san ina yi ba.

Shekarar da yanar ido ta fara rufe wa Baba gani, ya gaya wa Baffa cewa zai hau dutse. A kan dutse aka haife shi, a wani ɗan ƙauye da ke can sama cikin tsaunukan ƙasar Doguwa. Da idon ruwansu ya fara ja baya, hanyar mota kuma ta zo, sai mutanen suka sauko gida-gida har wurin ya zama kufai. Mahaifiyarsa a can ta rasu, a can aka binne ta, lokacin yana ɗan saurayi mai kiwon awaki. Tun da suka sauko bai sake komawa ba. Yanzu yana so ya je ya yi mata addu'a a kan kabarinta tun idonsa na iya gane wurin.

Aka yi ta ba shi baki. Aka ce ya bari zafi ya wuce. Ya ce in ruwa ya sauka ciyawa za ta rufe komai, dutse ya yi santsi, ga macizai, ga aikin gona. Aka ce to ya bari sai bayan kaka. Ya ce shi zai iya jira, idon ne bai yi masa alkawari ba. Sai Baffa ya kira ni a waya.

"Yayana ya rantse sai ya hau dutse," in ji shi. "Ni zan raka shi da baki, kai ka zo ka raka mu da ruwa."

Baffa uba ɗaya suke da Baba, amma shi a ƙasa aka haife shi bayan an sauko, bai taɓa hawa abin da ya fi rumbu tsawo ba. Mutum ne mai jiki, mai surutu, mai son inuwa.

Tsakiyar bazara ce. Muka hau mota daga Tudun Wada, muka ratsa dajin Falgore, itatuwa duk sun zubar da ganye sun tsaya tsirara, muka kwana a Doguwa gidan wasu dangi. Bayan sallar asuba 'yan acaɓa suka kai mu iyakar inda babur ke iya zuwa, suka sauke mu a bakin wata gona da aka riga aka share ana jiran ruwan shuka. Ɗaya daga cikinsu ya dubi Baba, ya dubi dutsen, ya ce, "Baba, Allah Ya sa a sauko lafiya," da irin muryar da ake yi wa mai shiga asibiti.

Ni na goya jarka, wadda matar gidan da muka kwana ta ɗinke da buhu ta jiƙa shi don ruwan ya yi sanyi. Baba da Baffa kowa da 'yar gorarsa a rataye. Akwai dabino da ƙuli-ƙuli a aljihuna. Baba ya sa malafa da takalmin roba irin na makiyaya, ya riƙe sandarsa. Ni na sa sabon kambas da na saya musamman, wanda kafin hantsi ya gama cinye mini dunduniya.

Da sanyin safiya hawan ya yi daɗi. Muka bi hanyar shanu cikin marke da ƙirya, Baba a gaba, Baffa a tsakiya, ni a baya. Baffa yana ta zuba, yana tsokanar yayansa cewa mutanen da suka zaɓi zama a kan dutse alhali ga ƙasa shimfiɗe lallai akwai wanda suke bin sa gudu. Baba bai kula shi ba. Yakan tsaya ya taɓa wani dutse da sanda, ya ɗaga kai ya yi ta kallon tsaunin yana ƙifta ido, sannan ya ci gaba. Na lura ba da ido kaɗai yake neman hanyar ba, ƙafarsa ce ke tunawa.

Rana na ɗagawa labari ya sha bamban. Hanyar shanu ta ƙare, muka shiga tsakuwa mai zamewa da manyan duwatsu da sai ka dafa da hannu. Surutun Baffa ya fara raguwa, ya koma nishi, ya koma salati. Kowane ɗan tudu sai ya tsaya ya kafa kai a gora. Da muka iso wata tsamiya a bakin kwazazzabo, ya zube a gindinta, ya cire hula, ya girgiza gorarsa, babu ko ɗigo.

"Saura nawa?" ya tambaya.

Baba ya nuna sama da sanda. Can ƙololuwar take, fara fat cikin rana, kamar ka miƙa hannu ka taɓa.

"Hangen Dala ba shiga birni ba," in ji Baffa. "Yaya, ni nan dutsena ya ƙare. Ka gaishe ta. Ka ce ɗan mijinta ya zo har rabin hanya, ƙiba ta hana."

Muka ɗan zauna. Na ga Baba ya matsa kusa da ƙanensa suna magana ƙasa-ƙasa, na kau da kai kamar yadda na saba. Can ƙasa ana jin kukan shanu, alamar akwai makiyaya kusa, don haka ban damu da barin Baffa shi kaɗai ba. Abin da ya dame ni daban ne. Da muka miƙe za mu tafi sai na ga babu kowa tsakanina da Baba. Ina da mata da 'ya'ya, furfura ta fara leƙo mini a gemu, amma ban taɓa yin tafiya daga ni sai mahaifina ba.

Baba ya samo mafita kafin ni. Sandarsa ya mayar madadin Baffa, ita yake yi wa magana. Muna isa inda hanya ta rabu, ya dube ta ya ce, "A bi ta hagu, dama akwai rami." Da na taka wani dutse ya motsa, ya ce wa sandar, "Masu sabon takalmi su riƙa duba inda suke sa ƙafa." Ni kuma in zan amsa sai in ce wa iska, "To, an ji." Da wani zai hango mu, zai ce mahaukata biyu ne suka ɓace a dawa.

Daga nan sama babu inuwar kirki. Falalen dutse ne shimfiɗe, baƙi, ya sha rana tun safe, zafinsa na ratso takalmi. In ka dafa da tafin hannu sai ka janye da sauri. Iska ta tsaya cak. Ba ka jin komai sai ƙarar gyare da numfashinka. Ko ƙadangaru sun shige tsaga. Wani wuri da rarrafe muka hau, wani wuri muka bi ta matsatsin duwatsu biyu, zafi na fitowa ta kowane gefe kamar gurasa a tanderu. Buhun jarkata ya bushe ƙayau tun tuni. Na sha ruwa sau biyu ko uku, kowane karo ina juya baya don kada in sha a gabansa.

Ban san lokacin da na fara lura ba. Na dai ga bayan rigar Baba, wanda ɗazu ya jiƙe sharkaf, ya bushe, gishirin gumi ya yi masa zane fari. Na ga sandar tana dukan dutse ba a inda ƙafa za ta sauka ba. Sannan na duba kafaɗarsa, na ga babu igiyar gora. Ashe maganar da suke yi ƙasa-ƙasa a gindin tsamiya ke nan: ya ga ƙanensa ya shanye nasa, ya cire tasa gorar ya bar masa. Tun daga can bai sa ko ɗigo a bakinsa ba, kuma duk ruwan da ya rage a kan dutsen nan yana bayan mutum ɗaya da ba zai iya roƙa ba.

Na sha gabansa, abin da ban taɓa yi ba. Na durƙusa, na kwance murfin, na miƙa da hannu biyu.

"Baba, ga ruwa."

Ya kau da fuska. Leɓensa ya yi fari ya tsage, idonsa ya faɗa. Ya ce wa sandar, da wata murya kamar ana jan busasshen kara a ƙasa, "Alhamdu lillahi. A ƙoshe ake."

"Baba, don Allah."

"A ci gaba. Rana na yi."

Ya raɓa ni ya wuce. Na bi shi da jarka a buɗe kamar mai talla. Bai yi nisa ba ya yi tangaɗi, gwiwarsa ta sare, ya dafa dutse ya zauna a 'yar inuwar da wani ƙaton dutse ya yi, wadda ba ta fi faɗin tabarmar sallah ba. Ya jingina kai ya rufe ido. Ƙirjinsa na hawa da sauka da sauri.

Raina ya ɓaci, ɓacin da ban taɓa ji ba. Na ji kamar in kama kafaɗarsa in girgiza, in ce wace irin kunya ce wannan da za ta kashe mutum da ƙishirwa ga ruwa a gabansa? Wa zai gan mu a nan? Angulu? Duk abin da na haɗiye tun ina yaro ya taso mini a maƙogwaro, har da raken. Kuma a ƙarƙashin fushin akwai tsoro tsirara. Na hango kaina ina saukowa da gawar mahaifina a kafaɗa, da jarka rabi da ruwa, ina neman bakin da zan yi wa mutane bayani. Na san halinsa. In na matsa, zai ƙara taurare ne. In na ɗura masa da ƙarfi, zai iya rayuwa, amma ba zai sake ɗaga ido ya dubi inda nake ba har abada.

Ina tsaye rana na dukan ƙeyata sai mahaifiyata ta faɗo mini a rai. Ita ma ba ta kiran sunana, ba ta ba ni abu hannu da hannu. Amma duk ranar da aka yanka kaza a gidanmu, sai ta aiko da kwano gidan Baffa ta ce a ba yaran gidan. Yaran gidan kuwa a lokacin ni kaɗai ne. Kuma kullum cinya ce da ƙundu, abin da ta san na fi so. Shekara da shekaru ina cin kazar nan ina ƙorafin ba a kula da ni. Kunyar tana da ƙofofinta, ta baya ake shiga. Ni ne na zo ina buga ta gaba.

Na mayar da murfin, ban ɗaure shi sosai ba. Na ajiye jarkar a inuwa, inda hannunsa zai kai. Na dubi sandar da ke jingine a gwiwarsa, na gyara murya.

"Jarkar nan ta ishe ni da nauyi," na ce mata. "Kafaɗata ta gaji. Da za a samu wanda zai rage ta, da ya taimake ni. Bari in zaga in duba hanya."

Na zaga bayan dutsen, na tsaya a rana, na juya baya. Babu hanyar da na duba. Kunne na kasa.

Shiru. Gyare na ta kuka. Wani shaho yana shawagi can ƙasa da mu, abin da ban taɓa gani ba, tsuntsu a ƙarƙashin ƙafata. Na fara tunanin ko ya suma ne, ko in leƙa. Na san in na leƙa muka haɗa ido, shi ke nan na ɓata. Na dafa goshina a jikin dutsen duk da zafinsa, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Ban taɓa yin jira mai tsawon wannan ba, ko a ƙofar ɗakin haihuwa.

Sai na ji murfi ya faɗi a kan dutse ya gangara. Sannan na ji bisimilla a hankali. Sannan ƙwat, ƙwat, ƙwat. Ya tsaya ya yi numfashi, ya sake. Hawaye suka zubo mini, na bar su, don babu mai gani.

Na ba shi lokaci mai tsawo, har na ji ya yi gyaran murya irin ta mai cewa a shigo. Da na dawo, jarkar na nan inda na ajiye ta, an ɗaure murfin tam. Ya jiƙa hularsa ya mayar ƙarƙashin malafa. Dabinon da na bari a gefen jarkar babu shi, sai ƙwallaye a jere. Yana kallon wani wuri can daban kamar bai san an yi komai ba.

"Masu kaya su zo su ɗauki kayansu," ya ce wa sandar. "Ya yi sauƙi."

Na sunkuya zan ɗauka, sai ya ƙara da cewa, "Ko jakin da ya ɗauko ruwa ana shayar da shi." Ya juya mini baya, ya fuskanci dutse. Na sha. A duk rayuwata ba a taɓa ce mini jaki na ji daɗi irin na ranar ba.

Muka zauna a 'yar inuwar nan, kafaɗa kusa da kafaɗa don babu wurin matsawa, har rana ta ɗan karkata gumi ya dawo masa. Muka yi taimama muka yi azahar, shi a gaba ni a baya. Sannan muka ci gaba a hankali, muna tafiya muna hutawa. Duk inda muka tsaya sai in ajiye jarka in tafi duba hanya. Na duba hanya a ranar har na gaji.

Kufan yana cikin wani ɗan kwari dab da ƙololuwa. Da ba a gaya mini ba, da na wuce ban san mutane sun taɓa zama a wurin ba. Sai da Baba ya riƙa nunawa da sanda na fara gani: da'irar duwatsu inda rumbu ya zauna, ramukan da niƙa ya cinye a jikin fa, fasassun tukwane, wata kuka guda da ta tsufa ta rabe biyu. Idon ruwan ya zama rami mai yashi. Birai sun gaje wurin, suna zaune a kan duwatsu suna kallonmu kamar mun shigo gida ba sallama. Baba ya tsaya a wani fili da ba shi da bambanci da sauran, ya ce wa sandar, "Nan ɗakinmu yake." Ya daɗe a tsaye.

Maƙabartar tana gabas da kukar. An ƙone ciyawa da rani, don haka duwatsun da aka jera a kan kaburbura sun fito fili, baƙi-baƙi cikin toka. Suna da yawa, kuma duk iri ɗaya ne. Na ji tsoron kada mu sha wannan wahala ya kasa ganewa. Ya yi sallama ga mutanen wurin, ya bi layi yana sunkuyawa yana shafa duwatsun da hannu, har ya zo kan wani da ke gindin wani tsohon marke, inda aka kafa rabin dutsen niƙa a wajen kai. Ya shafa shi sau da yawa. Sannan ya ajiye sandar a ƙasa, ya zauna.

Na ja baya na juya, kamar mai duba hanya. Amma wurin shiru ne, kuma bai rage murya ba.

Adda yake ce mata, kamar yayarsa, don ɗan fari ba ya cewa Inna. Ya yi mata addu'a mai tsawo, Allah Ya jiƙan ta, Ya yalwata mata, Ya haskaka makwancinta. Sannan ya koma yi mata hira kamar tana zaune tana kaɗa nono. Ya gaya mata waɗanda suka mutu da waɗanda suka rage. Ya gaya mata idonsa ya fara tafiya. Ya ce yana tune da shekarar da ya yi ƙyanda, yadda takan ɗebo ruwa daga idon ruwan ƙauyen ta ajiye a bakin ƙofa ta ce ga ruwa nan ga mai so, ta laɓe a bayan zana har sai ta ji ya sha.

"Yau ma an yi mini haka, Adda," ya ce. "Jininki ne. Ba ki gan shi ba. Ga shi can tsaye."

Sai ya faɗi sunana. Cikakke, yadda liman ya raɗa shi. Ya ce, "Ɗana ne na fari. Shi ya kawo ni." Ya ɗaga hannu ya roƙi Allah Ya yi mini albarka, Ya ba ni masu yi mini abin da na yi masa, kuma a cikin addu'ar ya sake faɗin sunan, a hankali, kamar mai taka dutsen da bai tabbata zai ɗauke shi ba.

Ban juyo ba. Ba da ni yake magana ba, kuma na san in na juyo na karya abin. Na tsaya ina kallon kudu, inda hadarin farko ya fara haɗuwa can nesa, na ce amin a cikina. Ina jin sunan nan kullum daga bakin ɗalibai da abokai da masu neman aron alli, ban taɓa sanin yana da nauyi haka ba.

Kafin mu juya na hau ragowar duwatsun ni kaɗai zuwa ƙololuwa, don kada a ce na zo har nan ban kai ba. Daga can ana ganin dajin da muka ratso, da hanyar mota siririya, da gonaki fari fat suna jiran ruwa. Ban daɗe ba. Abin da na zo nema ba a can yake ba, kuma dunduniyata na zugi.

Saukowa ta fi hawa cin gwiwa. A wuraren da dutse ya yi tsayi nakan riga shi sauka in tsaya in ba da baya, in ce wa sandar ga wani kututture nan in ana son dafawa. Sai in ji hannunsa a kafaɗata, mara nauyi, busasshe. Da la'asar sakaliya muka iso tsamiya. Muka tarar da Baffa ya yi abokai da makiyaya, an kawo masa fura da nono a ƙwarya, ya sha ya yi barci ya tashi, gorar Baba na gefensa ko rabi bai sha ba.

"Kun gan ta?" ya tambaya. "Yaya hanya? Ɗan nawa bai ba ka wahala ba?"

Baba ya zauna, ya karɓi ƙwaryar daga hannun ƙanensa, ya jira har na matsa bayan tsamiya. Ina ji ya ce, "Ka gaya wa ɗanka takalminsa ba na dutse ba ne." Ya kurɓi furar, sannan ya ce, "Amma ya iya riƙon ruwa."

Baffa ya leƙo ya maimaita mini, kalma da kalma, kamar yadda ya saba.

Muka koma yadda muke. Bai sake faɗin sunana ba, ni ma ban sa rai ba. Idon ya ƙarasa rufewa bayan damina biyu. In na zo daga Kano na gaishe shi, yakan amsa wa bango, ya tambayi Baffa ko mutanen birni sun zo lafiya. Sai dai na bar jin ciwon. Nakan sayo masa lemo da dabino in ajiye a bakin ƙofa in ce ga wani abu nan ga mai so, in fita tsakar gida in tsaya. 'Yata kuwa har yau ina kiran sunanta, wannan ba zan fasa ba. Amma na daina yi da gayya.

Da bazara ya rasu, irin lokacin da muka hau dutsen. Muka kai shi da hantsi, rana ta riga ta yi zafi. Da aka gama mayar da ƙasa aka tara ta, aka kawo ruwan da za a yayyafa a kan kabarin. Mai butar ya miƙa wa Baffa, a matsayinsa na babba. Baffa ya riƙe ta, ya dube ni, idonsa jawur. Ya kamo hannuna ya danƙa mini.

"Ungo, ba shi da hannunka," ya ce. "Yau ba zai ƙi ba."

Na durƙusa na zuba a hankali, daga kai zuwa ƙafa, ban juya baya ba. Ƙasar ta bushe ƙwarai, nan da nan ta shanye.